Cututtukan Fumfuna a Itatuwan Marmari na Ƙasar Sakkwato

Cututtukan fumfuna, waɗanda malaman gona ke kira cututtukan fangas, su ne waɗanda wasu ƙananan halittu dangin fumfunar da ke fita a kan kwantan tuwo suke haddasa wa itace. Irinsu kamar ƙura yake, iska da ruwa da wuƙar mai lambu su ke ɗaukarsa daga wannan itace zuwa wancan, kuma yawancinsu ba sa tsira sai sun sami laima. A lambunan fadamar Rima da gulbin Sakkwato, irin na Kwalkwalawa da Wamakko da Wurno da Goronyo, da kuma cikin gidaje, sun fi kama mangwaro da lemu da gwaiba da gwanda.

Yanayin Sakkwato yana bayan mai lambu. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, mangwaro kuma yakan yi fure cikin hunturu, ya nuna a bazara kafin ruwa ya kankama. Shi ya sa ɓarnar ba ta kai ta Binuwai ko kudancin ƙasar nan ba. Laimar da cuta ke samu a nan, sau da yawa mai itacen ne ke kawo ta da hannunsa: ban ruwa har gindi ya tsumu, dasa itatuwa kusa da juna, da barin rassa su cushe yadda iska ba ta ratsawa.

Ɗigon baƙi

Wannan ita ce wadda masana ke kira antaraknos, fumfunar Colletotrichum gloeosporioides ke kawo ta. Takan fara da ɗigo-ɗigo masu duhu a sabon ganye, fure ya yi baƙi ya kaɗe. Makircinta shi ne takan shiga ɗanyen mangwaro ta kwanta, ba a ganin komai. Sai an tsinko shi fes, an jera a kwando, ya fara nuna, sannan baƙin tabo ya fito ya lotsa cikin fata, wani lokaci a jere daga hanci zuwa ƙasa kamar sawun hawaye. Mangwaron da ya makara har ruwan farko ya same shi a sama ya fi shan wahala. Ana yawan rikita ta da harbin ƙudan 'ya'yan itace, alhali a yanka kawai za a gane: inda ƙuda ya harba akwai tsutsa a ciki.

Farar hoda da baƙin kunkunniya

Farar hoda, wato Oidium mangiferae, ita ce ta saɓa wa sauran, don ba ta buƙatar ruwan sama. Sanyin dare da raɓar asuba sun ishe ta, kuma lokacin ne mangwaro ke fure. Takan rufe furen da wani fari kamar an barbaɗa gari, 'ya'ya su zube tun suna kamar ƙwayar gujjiya. Da yawa kan ɗauka ƙurar hunturu ce.

Baƙin da ke lulluɓe ganye kamar kunkunniyar madafi kuwa ba cin itacen yake yi ba. Yana rayuwa ne a kan darɓar da ƙwari masu tsotson ruwan ganye ke fitarwa, ya tare hasken rana. Idan aka murza da yatsa yakan fita, ganyen na nan kore. Maganinsa kashe ƙwarin, da ruwan sabulu ko man 'ya'yan dogon yaro. Fesa masa maganin fumfuna asarar kuɗi ce.

Bushewar reshe da zubar ƙaro

Ga alama wannan ce ta fi dacewa mai lambun Sakkwato ya sa wa ido, domin ita itacen da ya galabaita take bi, kuma zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, da ƙishirwa, da gara, suna galabaitar da itace. Fumfunar Lasiodiplodia theobromae na shiga ta rauni: saran adda, gurbin ɓawon da aka ɓare don magani, ko inda akuya ta gwaguya. Reshe ya fara bushewa daga kai yana gangarowa, ganye ya ƙone amma ya ƙi faɗuwa, ƙaro na tsattsafowa. Idan aka tsaga reshen za a ga zane mai ruwan ƙasa a cikinsa.

A lemu, zubar ƙaro daga gindi yawanci aikin Phytophthora ne, wata halitta mai kama da fumfuna da ke yawo cikin ruwan ƙasa. Kwarin da ake haƙawa a gindi a cika shi da ruwa, ko ruwan wanke-wanke da ake kwarara wa itacen tsakar gida kullum, shi ne hanyarta. Lemun aure da aka binne mahaɗarsa cikin ƙasa ya fi saurin kamuwa.

Magani

Wuƙa ke gaba da feshi. Bayan an gama tsinka, a sare duk reshen da ya mutu, a wuce inda cutar ta tsaya da kamar taƙi ɗaya har a iske fari mai lafiya, a buɗe tsakiyar itacen, a share ganye da ruɓaɓɓun 'ya'ya a ƙone ko a binne. A goge wuƙar da bilic tsakanin itace da itace. Ban ruwa kuma a mayar da shi zobe, daidai inda inuwar rassa ta ƙare, gindin ya zauna a bushe.

Maganin feshi mafi daɗewa shi ne haɗin Bodo, wanda masanin tsirrai Millardet ya bayyana a Faransa a 1885 don inabi. Ana jiƙa giram 100 na shuɗin gishirin jan ƙarfe da giram 100 na farar ƙasar shafen bango, kowane daban, a haɗa su cikin lita 10 na ruwa a bokitin roba, a yi amfani da shi a ranar. Gwajinsa a tsoma sabuwar ƙusa: in ta fito da ja, a ƙara farar ƙasa. Idan aka dama shi da kauri ana shafe gurbin sara da gindin lemu da shi. A shagunan maganin gona akwai mankozeb da magungunan jan ƙarfe da aka riga aka haɗa, farar hoda kuma farar wuta ce maganinta, sai dai tana ƙona ganye idan rana ta take, don haka da yamma ake fesa ta.

Duk waɗannan rigakafi ne, ba sa mayar da ganyen da ya riga ya lalace. Akan fara kafin fure ya buɗe, a maimaita bayan mako biyu-biyu in akwai laima, a bi awon da ke jikin kwali, a rufe hanci da hannu, a kuma jira kwanakin da aka rubuta kafin tsinka. Mangwaron da za a kai kasuwa ana iya tsoma shi cikin ruwa mai zafin digiri 52 na minti 5 don rage ɗigon baƙi, amma sai da ma'aunin zafi, domin ruwan da ya zarce haka ƙona fatar yake yi.