Waiwaye: Farfesa Jibril Aminu, daga asibiti zuwa Majalisar Dattawa

A shekarar 1965, lokacin da Jibril Aminu ya kammala karatun likita a Jami'ar Ibadan, 'yan Arewa masu wannan ilimi ba su da yawa ko kaɗan. An haife shi a garin Song na Adamawa a 1939. Bayan Ibadan ya wuce Landan, ya ƙware kan ciwon zuciya, ya samu digiri na uku a 1972, sannan ya dawo yana duba marasa lafiya yana kuma koyar da ɗaliban likita a jami'a.

Zamansa a bakin gadon majinyata bai yi tsawo ba. A 1975 aka naɗa shi babban sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, daidai lokacin da gwamnati ke buɗe sabbin jami'o'i a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Daga 1980 zuwa 1985 shi ne shugaban Jami'ar Maiduguri. Wannan hanya ce ta kai shi kujerar ministan ilimi a gwamnatin Janar Babangida.

A nan ne, a ganina, ya yi aikin da ya fi kowane ɗorewa. Shi ya tsaya kai da fata sai an kai makaranta har ruga, domin yaron da ke bin shanu daga mashekari zuwa mashekari ba zai zauna a aji irin na cikin gari ba. Aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989, hedkwatarta a Kaduna. Mutane da dama sun ɗauki shirin ɓarnar kuɗi. Yau da ƙasa ke ɗanɗana kuɗar barin 'ya'yan makiyaya babu ilimi, an ga cewa laifin shirin ɗaya ne: gwamnatocin baya ba su riƙe shi da hannu biyu ba. Sai dai malaman jami'a ba su manta cewa a zamaninsa ne aka haramta ƙungiyarsu ta ASUU a 1988 ba, kuma suna da hujjar jin zafin hakan.

Daga ilimi aka mayar da shi ma'aikatar man fetur, 1989 zuwa 1992, har ya shugabanci taron OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu arzikin man fetur. Da mulki ya dawo hannun farar hula a 1999, sai Obasanjo ya tura shi jakada a Amurka.

Majalisa ita ce zangonsa na ƙarshe. A 2003 ya ci zaɓen sanatan Adamawa ta Tsakiya a jam'iyyar PDP, aka sake zaɓensa a 2007, ya zauna har 2011, kuma ya riƙe kwamitin harkokin waje. Shekarun nan sun zo da ƙura, domin a rikicin Obasanjo da mataimakinsa Atiku Abubakar, wanda shi ma ɗan Adamawa ne, Aminu ya tsaya ɓangaren shugaban ƙasa, abin da ya raba kan PDP a jihar.

Abin da ke damuna shi ne asarar da asibiti ya yi. Yankin da har gobe majinyaci ke tafiyar sa'o'i kafin ya ga ƙwararren likitan zuciya ya rasa ɗaya daga cikin na farkonsa lokacin da Aminu ya bar asibiti yana ɗan kimanin shekara 36. Allah Ya yi masa rasuwa a Abuja a watan Yunin 2025, yana da shekara 85. Allah Ya jiƙansa.