Tramol da ƙanjamau: abin da ke faruwa bayan ƙwaya ta hau kai

Ba duk saurayin da ke shan Tramol ne yake neman maye ba. Da yawa suna sha ne don su daɗe wajen saduwa, wasu su haɗa da rochi (ƙwaya mai sa barci) ko maganin ƙarfin maza na 'yan tebur, ko kwalbar kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta haramta tun 2018 amma bai ɓace ba. Magidanta ma suna ciki, kada a ɗora wa samari kaɗai.

Ƙwayar ba ta ɗauke da ƙanjamau. Aikinta gusar da hankali. Mutum ya sayi kwaroron roba ya sa a aljihu da niyya mai kyau, tana hawa kai sai wando ya tafi gefe da robar a ciki. Ga shi daɗewar da ake alfahari da ita a majalisa tana busar da gaba, fata ta yi ƙananan tsagogin da ido ba ya gani. Tramol kuwa maganin ciwo ne, ba za a ji zafin da zai sa a dakata ba. Ta waɗannan kafofi cutar ke shiga, haka ma ciwon hanta nau'in B da ciwon sanyi. Masu allurar fenta (maganin ciwo mai sa maye) da sirinji ɗaya, nasu haɗarin ya fi kusa, jini ne zuwa jini.

Yarinyar da aka zuba wa rochi a lemo ta farka ba ta san me ya faru ba, fyaɗe aka yi mata. A kawo ta asibiti a ranar, a bar faɗa sai daga baya.

Dalilin gaggawar shi ne akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake kira PEP. Ana fara shi cikin awa 72 bayan saduwar, a sha kullum har kwana 28. Kunya ce ke cinye awannin nan, sai a zo asibiti bayan mako, lokacin ya riga ya wuce. Wanda ya san zai sake shiga wannan hali ya tambayi PrEP, wanda ake sha tun kafin haɗari.

Gwajin ƙanjamau na farko kan iya nuna babu alhali akwai, don haka a maimaita bayan wata 3, kuma kafin nan mai iyali ya riƙa sa roba a gida. Idan sakamako ya nuna akwai, maganin ARV mai danne cutar kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wanda ya riƙe shi har cutar ta daina bayyana a gwajin auna yawanta a jini ba ya saka wa matarsa.