Kakar Tseren IndyCar ta 1993

Kakar IndyCar ta 1993 gasa ce ta shekara guda ta tseren motoci masu kujera ɗaya a Amurka, irin motocin nan da tayoyinsu huɗu ke fili babu abin da ya rufe su. Ƙungiyar CART ce ta shirya ta, kamfanin PPG ya ɗauki nauyi. An yi tsere 16: goma sha uku a Amurka, biyu a Kanada, ɗaya a Ostireliya. An buɗe ranar 21 ga Maris a Surfers Paradise da ke Ostireliya, aka rufe ranar 3 ga Oktoba a Laguna Seca da ke jihar Kalifoniya. Nigel Mansell ɗan Ingila ya lashe kambun da maki 191 a shekararsa ta farko. Emerson Fittipaldi ɗan Birazil ya biyo shi da 183, sai Paul Tracy ɗan Kanada da 157.

Zuwan Mansell

Mansell ya zo ne yana riƙe da kambun duniya na Formula 1 na 1992, wanda ya ci da ƙungiyar Williams. Ciniki bai faɗa ba tsakaninsu kan sabon kwantaragi, ga Alain Prost yana shirin shigowa ƙungiyar, sai ya tattara ya koma Newman/Haas, ƙungiyar ɗan fim Paul Newman da Carl Haas. Kujerar Michael Andretti ya gada, shi kuma Michael ya tafi ƙungiyar McLaren ta Formula 1. Motarsa ƙirar Lola ce mai injin Ford-Cosworth, yayin da Fittipaldi da Tracy ke tuƙa motar da ƙungiyar Penske ta ƙera da kanta, mai injin Chevrolet. Yawancin motocin gasar injinsu lita 2.65 ne mai tobo, dukansu suna shan metanol maimakon fetur, kuma tayar Goodyear kowa ke sawa.

Abin da mutane suka zata shi ne Mansell zai yi ƙarfi a hanyoyi masu kwana-kwana irin na Turai, ya sha wuya a filayen da'ira. Farkon kaka ya yi kamar zai gaskata su. A Surfers Paradise shi ya tashi a sahun gaba, shi ya zo na ɗaya. Mako biyu bayan haka, wajen gwaji a da'irar Phoenix, mota ta kufce masa ya daki katanga da baya, ya ji ciwo a gadon baya har sai da aka yi masa tiyata daga baya. Bai shiga tseren ba. Tracy ya yi wa kowa nisa a ranar, amma ya yi hatsari, Fittipaldi ma ya bi sahu, sai nasara ta faɗo hannun Mario Andretti, abokin aikin Mansell, yana da shekara 53. Ita ce nasararsa ta 52, kuma ta ƙarshe.

Tseren da'ira sana'a ce ta daban. Hagu kaɗai ake juyawa, har saitin motar ma karkatacce ne don ta riƙa jan hagu da kanta. Katangar kankare na nan dab da tayar dama, iskar motar da ke gaba tana rage wa ta baya riƙon ƙasa, kuma matuƙin da ya yi wa sitiyari gardama lokacin da bayan mota ya fara zamewa, katanga zai nufa kai tsaye.

Indianapolis 500

Tseren 30 ga Mayu ya zo da sauye-sauye tun kafin a tashi. Cikin manyan matuƙan gasar, Rick Mears ya yi ritaya a ƙarshen 1992, A. J. Foyt kuma ya sanar da tasa a filin ranar neman sahun gaba. Abin da ya fi girgiza mutane shi ne Bobby Rahal, zakaran CART na 1992, ya kasa samun gurbi cikin motoci 33, saboda motar da ƙungiyarsa ta ƙera ba ta da gudu. Daga baya ya koma Lola, ya gama kaka a matsayi na huɗu.

Wannan ne tseren da'ira na farko da Mansell ya taɓa shiga: zagaye 200 a fili mai tsawon mil biyu da rabi. Saura ƙasa da zagaye 20 yana kan gaba, sai aka ɗaga tutar gargaɗi, motoci suka haɗu wuri guda suna bin juna a hankali. Da aka saki koriyar tuta, bai taka mai da wuri ba, Fittipaldi da Arie Luyendyk suka wuce shi kafin kwanar farko. Can gaba ya gogi katanga, amma ya lallaɓa ya gama na uku. Rashin sabo da irin wannan tashi ne ya ci shi, ba rashin gudu ba. Fittipaldi ya ci tseren karo na biyu bayan na 1989, sannan ya jawo wa kansa fushin 'yan kallo: al'ada ce mai nasara ya kurɓi madara, shi kuwa, da yake yana da gonakin lemo a Birazil, ruwan lemo ya ɗaga a gaban kyamara.

Sauran kaka

Daga nan Mansell bai sake barin wata da'ira ta kufce masa ba. Ya ci Milwaukee mako guda bayan Indianapolis, ya ci tseren mil 500 na Michigan, inda Mario Andretti ya yi gudun da ya haura mil 234 a awa wajen neman sahun gaba. Mafi kyawunsu shi ne na New Hampshire ranar 8 ga Agusta, ranar da ya cika shekara 40. Shi da Tracy da Fittipaldi suka yi ta karɓe jagoranci daga hannun juna suna ratsa cunkoson motocin baya, har ya wuce Tracy saura zagaye kaɗan. Cikin da'ira biyar da ya shiga ya ci huɗu, alhali cikin tsere goma na tituna da hanyoyi masu kwana ɗaya tak ya ci.

Tracy ma tsere biyar ya ci: Long Beach, Cleveland, Toronto, Road America da Laguna Seca. Gudu kam yana da shi, sai dai yawan hatsari da lalacewar mota sun hana shi tara maki, a tsarin da na ɗaya ke samun 20, na biyu 16, na uku 14. Fittipaldi ya ƙara da Portland da Mid-Ohio. Danny Sullivan ya ci Detroit, Al Unser ƙarami ya ci Vancouver, dukansu na ƙungiyar Galles. Raul Boesel bai ci ko ɗaya ba, amma ya gama na biyar.

Mansell ya tabbatar da kambun a Nazareth ranar 19 ga Satumba, saura tsere ɗaya. Prost bai kammala cin kambun Formula 1 na 1993 ba sai ranar 26 ga watan a Fotugal, don haka tsawon mako guda Mansell na riƙe da kambunan biyu lokaci ɗaya. A 1994 Penske ta mamaye gasar, Unser ƙarami ya zama zakara, Mansell bai ci tseren IndyCar ko ɗaya ba, ya koma Formula 1.