Wa Doka Ta Ba Ikon Duba Rubutun Tushen Windows?

A shagunan gyaran kwamfuta na birnin Katsina, mai gyara yakan sa filashi ya ɗora wa mutum Windows cikin ɗan lokaci, mai kwamfuta ya tafi yana ganin manhajar ta zama tasa. A dokance, ko da kwafin na asali ne, abin da ya saya izinin amfani ne kawai. Rubutun tushe, wato umarnin da injiniyoyi suka rubuta kafin a mayar da shi harshen na'ura, yana nan a hannun Microsoft, kamfanin da ya ƙirƙiri Windows.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta ɗauki manhaja a matsayin aikin rubutu kamar littafi, don haka kwafe ta ba da izini ba saɓa doka ne, haka ma karya makullin da kamfani ya sa domin kare ta.

To, ta yaya gwamnati za ta amince da manhajar da ba ta ga cikinta ba, alhali a kanta take ajiye bayanan albashi da na tsaro? Wannan damuwa ce ta sa Microsoft ya ɓullo da shirin tsaro na gwamnatoci a watan Janairun 2003, wanda ya bai wa ƙasashe irin su Rasha da Sin damar duba rubutun tushen Windows bisa yarjejeniya. Damar ta dubawa ce, ba ta rarrabawa ba, kuma ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ba ya cikin waɗanda ta shafa. Idan yana son ganin yadda ake gina irin wannan manhaja, Linux ce a buɗe gare shi, domin lasisinta na GPL ya halatta karantawa da gyarawa, da sharaɗin wanda ya rarraba gyaransa ya bayyana rubutunsa.

Abin da ya fi damuna shi ne, tunda kamfanin kaɗai ke iya toshe ɓaraka a Windows, wanda ya kashe sabuntawa don kada a gano kwafinsa na bogi ne ya bar ƙofarsa a buɗe. Harin muguwar manhajar nan mai suna WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya durƙusar da asibitoci a Ingila, ya bi ta wata ɓaraka da aka riga aka fitar da maganinta tun watan Maris, amma kwamfutoci da yawa ba su karɓa ba.