Me ake nufi da "daidaita magani" ga mai ciwon tayirod da jinin al'adarta ya yi yawa?

Idan likita ya ce zai daidaita maganin tayirod, nufinsa zai riƙa ƙara ko rage ƙwayar lebotayroksin, wato maganin da ke maye gurbin sinadarin tayirod, kaɗan-kaɗan, yana bin sakamakon gwajin jini mai suna TSH, har adadin ya dace da jikin mai shi. Tayirod wata 'yar tsoka ce mai siffar malam-buɗe-littafi a gaban wuya, wadda in ta kumbura muke kira maƙoƙo. Ita ke samar da sinadarin da ke tafiyar da ɗumin jiki, bugun zuciya, narkewar abinci da zagayowar al'ada. Idan aikinta ya yi rauni, wani sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa yakan ƙara sako sinadarin TSH don ya zaburar da ita. Shi ya sa lissafin yake a juye: TSH ya hau, magani ya yi kaɗan; ya faɗi ƙasa, magani ya yi yawa. A yawancin ɗakunan gwaji ana son ya tsaya tsakanin 0.4 da 4.0.

Raunin tayirod na ƙara jinin al'ada ta hanya biyu. Yana hana sakin ƙwai a wasu watanni, sai bangon mahaifa ya yi ta kauri ba tare da sinadarin furojestaron da zai tsayar da shi ba, ranar da ya tashi zubewa kuwa sai ya zubo da yawa. Yana kuma rage wasu sinadaran da ke sa jini ya daskare. Ana cewa jini ya yi yawa idan ya wuce kwana 7, ko ana canza audugar mata duk awa 1 zuwa 2, ko gudaji manya-manya na fita, ko sai mace ta tashi cikin dare ta canza don kada ta ɓata shimfiɗa.

Cikakken adadi ga baligin da ba shi da ciwon zuciya kusan maikurogiram 1.6 ne a kan kowane kilo na nauyinsa. Mace mai kilo 60 ke nan tana iya kaiwa 100 a rana. Tsofaffi da masu ciwon zuciya da 25 zuwa 50 ake fara musu. Ƙari ko ragi ba ya wuce 12.5 zuwa 25 a lokaci ɗaya, sannan a jira mako 6 zuwa 8 kafin a sake gwaji, domin maganin kan ɗauki kusan kwana 7 kafin rabinsa ya bar jini. Gwajin da aka yi bayan mako 2 ba zai faɗi gaskiya ba. Ita ma al'ada takan ɗauki wata 2 ko 3 kafin ta dawo hayyacinta.

Inda aka fi samun matsala shi ne wurin maganin ƙarin jini. Macen da ta daɗe tana zubar da jini sinadarin ƙarfe yakan ƙare mata, sai a rubuta mata ƙwayar ƙarin jini, kuma daidai ne a rubuta. Da safe sai ta zuba ƙwayoyin biyu a tafin hannu ta kora da shayi. A cikin hanji ƙarfen yakan kama lebotayroksin ya hana shi shiga jini. Bayan wata 2 TSH ya hau, jinin al'ada bai ragu ba, a ƙara mata na tayirod. Bayan ta gama shan na ƙarin jini kuma sai adadin na tayirod ya yi mata yawa: faɗuwar gaba, rawar hannu, zufa, rashin barci. Gyaran ba wuya. A sha na tayirod da ruwa zalla, ciki ba komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, a bar na ƙarin jini sai bayan awa 4, misali bayan azahar ko da dare. Tazarar nan ta shafi ƙwayar kalsiyam da farin maganin olsa na ruwa. Kofi, madara da abincin waken suya kamar awara su ma suna rage shigar na tayirod cikin jini. Da azumi a sha shi a ƙalla rabin awa kafin sahur. Kada kuma a ajiye shi a mota ko kusa da murhu, zafi da haske na kashe masa ƙarfi.

Wani abin da ke ruɗa mata shi ne kasala, zubewar gashi da jin sanyi alamu ne na raunin tayirod, kuma alamu ne na ƙarancin ƙarfe. Don haka ƙara ƙwaya da kai saboda gajiya kuskure ne mai tsada, domin yawan maganin na birkita bugun zuciya, yana cinye ƙashi a hankali. Tare da TSH a nemi gwajin himogulobin, wato ma'aunin yawan jini, da na feritin, wato ma'ajiyar ƙarfe. Himogulobin ƙasa da 12 ƙarancin jini ne ga macen da ba ta da ciki, feritin ƙasa da 30 kuma na nuna rumbun ya kusa zama wayam.

Ba dole a zauna ana zubar da jini ana jiran tayirod ta daidaita ba. Likita na iya ba da taranekzamik asid, maganin rage zubar jini, a kwanakin zubar, sau da yawa giram 1 sau 3 a rana na kwana 4, in dai mace ba ta taɓa samun daskarewar jini a jijiya ba. Robar mahaifa mai sinadari, irin su Mirena, tana rage jini sosai. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estirojin ita ma tana ragewa, sai dai tana iya ƙara buƙatar lebotayroksin, saboda haka a sake gwada TSH mako 6 zuwa 8 bayan an fara ta ko an daina.

Idan TSH ya zauna daidai na wata 3 amma jini na nan, a daina ɗora wa tayirod laifi, a yi hoton mahaifa. Ƙarin mahaifa ya yi yawa a matan Afirka. Wadda ta kai shekara 45, ko take ganin jini tsakanin al'ada da al'ada, tana iya buƙatar a ɗebi ɗan bangon mahaifa a auna. Jiri, haki, ko jiƙe auduga duk awa na tsawon awa 2 a jere kuwa sai asibiti a ranar. Idan al'ada ta ɗauke, gwaji ya nuna ciki, a sanar da likita nan take, domin buƙatar maganin na ƙaruwa da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari tun a makonnin farko.