Ɗinyar Kaka Ta Faɗi, Don Allah Kada Ku Sa Mata Wuta

Daga farkon damina zuwa yau na daina ƙirga bishiyoyin da aka kira ni in gani sun kwanta tsakanin Talata Mafara da Bakura. Mangwaro, darbejiya, ɗorawa, ɗinya. Kowa ka tambaya sai ya ce iska ce. To, iska ce, na yarda. Amma in na duƙa na leƙa gindin, sau tari abin da nake tararwa ɗaya ne: baƙin ƙuna da kogo wanda yaro zai iya shiga ya ɓuya. Iska dai ta ƙarasa aikin da muka daɗe da farawa da ashana.

Makon jiya wata tsohuwa ta aiko jikanta ya ɗauke ni a babur. Ɗinya ce a tsakiyar gonar gado, ta kwanta da rabin saiwarta a sama. Ita ɗinya ba kasafai ake dasa ta ba, bari ake yi, kuma wannan surukinta ne ya bar ta ranar da ya sare dajin. A inuwarta take shimfiɗe 'ya'yanta in ta kai abincin gona, 'ya'yan itacen kuma da su take dafa maɗi duk kaka. Ta dafa kututturen ta ce, "Ɗan nan, iccen ga ya girmi ubanka. Mi za mu yi?" Na ce, "Inna, bari in duba tukuna." Ban gama zagayawa ba na hangi samarin gidan sun tara kara da karmami a jikin saiwar. Wai za su ƙone gindin su huta, mai gawayi ya riga ya taya sauran.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Wutar da ta kayar da ita, ita kuma za ku kawo ta ƙarasa ta?

Jama'a, ran bishiya a ƙarƙashin ɓawo yake, bai fi kaurin farce ba. Duk watan Afrilu da Mayu kuna share gona, kuna janyo tarkace zuwa gindin itace saboda nan ne inuwa, ku cinna ku tafi. Ɓawon ya dahu, gara ta samu ƙofa, ciki ya ruɓe. Bana haka, baɗi haka. A cikin gida ma nan ne jujinku, nan ake ƙona leda, nan ake kafa murhu. Sannan ranar da ta faɗa wa katanga a zo ana salati ana cewa ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma wa ya riƙe ashanar?

Na san ba mugunta ba ce. Gajiya ce, da rana, da "haka muka taso muka gani". Kuma na san zafin da mutum ke ji in bishiyar da ya buɗi ido ya gani ta kwanta, kamar an sake yi masa rasuwa. Shi ya sa nake so ku ji wannan: faɗuwa daban, mutuwa daban. Muddin wani sashe na saiwa yana cikin ƙasa kuma ganye bai yanƙwane ba, akwai rai. Ɗinya musamman mai taurin kai ce, tana tohowa daga kututture, tana fitar da sabbin tsirrai daga saiwa. Maƙwabtanmu na Maraɗi tun shekarun 1980 suke raya gonakinsu da tohon kututturan da ake ganin sun mutu, abin da suke kira sassaben zamani, ba tare da dasa ko ɗaya ba. Su suna lallaɓa kututture, mu muna ƙone shi.

Ga abin yi, a taƙaice:

Da farko a duba ko ta taɓa wayar lantarki. In ta taɓa, kowa ya ja baya, a kira ma'aikatan wuta.

A rufe saiwar da ta fito da jiƙaƙƙen buhu ko danyar ƙasa a ranar. Rana ɗaya ta Zamfara ta isa ta busar da ita.

In ƙarama ce, kaurinta bai wuce cinya ba, a faɗaɗa ramin, a datse saiwar da ta karye da wuƙa mai kaifi, a rage rassa, a ɗaga ta a hankali da hannu. Ban da ɗaura mata igiya a ja da mota. A kafa turaku uku, a ɗaure da tsohuwar roba don kada ta yanke ɓawo, a danne ƙasa, a ba ta ruwa. Turakun su shekara.

In babba ce, ku haƙura da tayar da ita. A sare ta a bar kututture kamar tsawon gwiwa, a karkace saran don kada ruwa ya kwanta. A tara ƙasa a kan saiwar.

Ban da takin zamani yanzu. Ban da shafa baƙin mai a wurin sara.

A kewaye da ƙaya saboda awaki. In toho ya yi yawa, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a cire sauran.

Kuma ban da wuta. Ko nesa da ita kaɗan, ban da wuta.

Masu mangwaro mai aure, ku lura: tohon da ya fito ƙasa da wurin auren ba irin da kuka sani zai ba ku ba, sai an sake aura shi. Ku zo ofishin gona a nuna muku, ba wani abu ne mai wuya ba.

Ita ɗinyar Inna ta fi ƙarfin ɗagawa. Mun sare ta, samarin suka kwashe karan da suka tara suna ta ƙunƙuni. Na ce su sayar da rassan in sun ga dama, amma kututturen ba na sayarwa ba ne. Inna ta sa aka ware mata wani reshe mai kauri, ta ce masassaƙi zai yi mata kujera 'yar tsugunno da shi. Jikan nata kuma na ɗora masa aikin ƙaya, na ce bayan sati uku zan biyo in ga toho, kuma in na tarar da toka a wurin, da shi zan yi.