Iskar da ke yaye rufi a Ankara ba guguwar Amurka ba ce

An daɗe ana cewa a Nima da Mamobi, unguwannin Ankara babban birnin Gana, duk iskar da ta yaye kwanon rufi kafin ruwa, mahaukaciyar guguwar teku ce irin ta Amurka ta iso mana. Ganin teku a kusa, ba laifin wanda ya zaci haka.

Irin waccan guguwa sai gudunta ya kai kilomita 119 a sa'a, kuma tana buƙatar juyawar duniya ta murɗa ta. Kusa da layin da ya raba duniya biyu murɗawar ba ta da ƙarfi, Ankara kuwa digiri 5 da ɗoriya take daga layin. Tamu jerin hadari ne mai tasowa daga gabas. Hasali ma, hadarin Afirka ta Yamma ne ke faɗawa Tekun Atalantika, wani ya girma ya nufi Amurka.

Na'urar rada ce ke auna iskar hadari: tana harba igiyar rediyo sama, ɗigon ruwa ya mayar da ita, sauyin da ta dawo da shi ya nuna gudun iskar da inda ta dosa.

Ku gwada da damina. Tutar masallaci za ta nuna iskar ƙasa daga kudu maso yamma, hadarin kuwa ya haɗo daga gabas, domin iskar sama, wadda ke wajen kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, yamma take kora shi. Amma fa iskar tamu ma tana kayar da bishiya, a nemi mafaka.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa.